Igiyar Magini a Ɗakin Injin Lifta

Idan fankarka ta ƙone, ko injin jan ruwanka ya fara ƙauri, duk wanda ka tambaya a layin masu gyara ƙofa ɗaya zai nuna maka. Shagon yana tsakanin mai walda da mai faci, ɗan tsukuku ne, mutum biyu ba sa gilmawa a cikinsa sai ɗaya ya karkace. Can ƙurya, ƙarƙashin doguwar fitila, za ka tarar da wata gajeriyar mata da ta haura hamsin, sanye da tabarau wanda ƙafarsa ɗaya ta karye tun tuni aka ɗaure da jar waya. Ita ce Mai Naɗi. Da wannan sunan kowa ya san ta, har surukanta ma idan baki ya suɓuce musu shi suke faɗa.

Ba ta da doguwar gaisuwa. Kana ajiye injinka za ta jawo shi ta kai hanci tukuna, sannan ta gaya maka laifinka. "Kun bar shi yana ta aiki ba ruwa," ko kuma, "Wuta ta yi ƙasa kuka ƙi kashewa." Mutane suna jin haushi, suna kuma dawowa, domin koyil ɗin da ta naɗa sai injin ya tsufa ya mutu ya bar shi. Koyil ba wani abu ba ne illa siririyar wayar tagulla da aka naɗe zagaye bisa zagaye, sau ɗaruruwa ko dubbai, yadda idan wuta ta bi ta ciki sai ƙarfen da ke tsakiya ya zama maganaɗisu. Aikin ke nan, kuma shi ta yi tun tana budurwa.

Ubanta magini ne, irin maginan nan da ba sa yarda da idonsu ballantana idon wani. 'Ya'ya biyu Allah ya ba shi, duka mata, ita da Auta. Bai taɓa buɗe baki ya ce ya so namiji ba, amma yakan daɗe yana kallon 'ya'yan abokan aikinsa suna miƙa wa iyayensu bulo. Da yake ita ce babba, duk ranar da ba makaranta ita ke bin sa wurin aiki ta riƙe masa igiya.

Igiyar ta auduga ce mai kauri, da ƙulle-ƙulle a jere, tazararsu ɗaya. Idan za a fitar da kusurwar gini, sai ya ƙirga tazara uku ya ja gefe guda, ya ƙirga huɗu ya ja ɗaya gefen, tazara biyar da suka rage kuma su haɗa bakunan biyu a karkace. In dai igiyar ta miƙe ta ko'ina, kusurwa ta fita cif. Aikin yarinyar shi ne ta danne ƙullin kusurwa da babban yatsa. "Kada ki saki, Uwata," yakan ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Wata rana ta tambaye shi yadda aka yi uku da huɗu suka ba da biyar, alhali a makaranta an ce bakwai ne. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Bakwai ne in hanya ɗaya suka bi. Waɗannan kowa da inda ya nufa."

Da ta gama makaranta ta samu shiga wani kamfani da ke haɗa fankoki, aka zaunar da ita gaban injin naɗi cikin 'yan mata sa'anninta. Sauran suna naɗi suna hira, ita tana naɗi tana tambaya, har shugaban sashensu ya gaji ya tura ta ajin koyon lantarki don ya huta. A can ta ji abin da ya zauna mata a kai har yau. Wutar batir hanya ɗaya take bi, abin da ke tare ta kuwa taurin wayar ne kawai, wanda ake aunawa da ma'aunin da ake kira om. Wutar layi ba haka take ba. Kai da komowa take yi, sau hamsin cikin daƙiƙa guda, shi kuma naɗi ba ya son a riƙa canza masa magana: duk juyin da wuta za ta yi sai ya yi mata gardama. Ita ma gardamar da om ake auna ta, amma ba a tara ta da tauri kai tsaye. Malamin ya juya ga allo ya zana tauri a kwance, gardama a tsaye, ya ja layi a karkace ya haɗa su, ya ce wannan layin shi ne ainihin abin da wuta ke karo da shi. Sai dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar aji, don igiyar babanta ce ta gani a kan allo.

Ranar nan da gudu ta isa gida. Ta same shi yana wanke cokalin gininsa, ta zayyana masa komai, numfashinta har yana sarƙewa. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, madalla. Amma gini ganinsa ake yi, Uwata. Naki aikin wa yake ganinsa?" Ba da mugunta ya faɗa ba, ita ma ta san haka. Duk da haka maganar ta yi mata zafi, kuma ba ta taɓa fita daga ranta ba. Daga ranar ta daina kawo masa hirar aiki, shi kuma ya riƙa gaya wa mutane cewa babbar 'yarsa tana sana'ar naɗin zare.

Shekaru suka ja. Ta auri wani direban bas, mutum mai fara'a wanda ke cewa ko shayi matarsa za ta haɗa masa sai ta auna. Kamfani ya rufe, ta sayi tsohon injin naɗinsu guda ɗaya, ta buɗe shagon nan. 'Ya'yanta suka girma suka kama gabansu. Mahaifiyarta ta rasu, tsoho ya koma wurin Auta, a hawa na ƙarshe na wani dogon bene wanda shi kansa yana cikin waɗanda suka gina shi yana saurayi. Yana alfahari da benen nan fiye da kima. Baƙo ba ya zama ya sha ruwa sai an nuna masa kusurwar ɗaki an ce ya duba ko ya ga karkata.

To, a wannan benen ne lifta ta tsaya, kuma ta tsaya a mummunan lokaci. Tsoho yana da ciwon suga, ga wani gyambo ya fito masa a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Auta tana wankewa tana ɗaurewa, abin sai ƙara baƙi yake yi. Likitan da aka roƙa ya hau ya duba ya ce wannan ba aikin gida ba ne, a kai shi asibiti tun ana maganar yatsa, kafin a koma maganar ƙafa. Matattakala kuwa ta fi ƙarfin tsoho. Mijin Mai Naɗi, direban bas, ya zo da ƙarti biyu da kujera, ya durƙusa ya ce, "Baba, ka zauna kawai, kafin ka ƙifta ido muna ƙasa." Tsoho ya jawo sandarsa ya ɗora a cinya.

"Ni na hau da siminti a kaina ta matattakalar nan," ya ce. "Ba wanda zai sauko da ni kamar buhu mutane suna leƙe. Ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa tana nan zuwa, ku jira ta."

An yi lallashi, an yi kuka, Auta har fushi ta yi ta daina yi masa magana na yini guda. Mai Naɗi kuwa ta san taurin kan, a wurinsa ta gada. Ta sauka ta tafi neman makanikin lifta.

Makanikin wani dogo ne mai furfura, ana ce masa Sannu-Sannu, kuma sunan bai zalunce shi ba. Ƙusa ɗaya sai ya ɗaure ya sake kwancewa ya duba. Amma a duk shekarun da ya yi yana kula da liftocin unguwar ba a taɓa jin ko ɗaya ta faɗo da kowa ba, shi ya sa ake haƙuri da shi. Ya ce mata koyil ɗin birki ne ya ƙone. Birkin lifta, in ji shi, kullum a damƙe yake, sai an ba koyil wuta ya ja ƙarfe sannan ya saki. Koyil ya mutu, birki ba zai saki ba, lifta ba za ta motsa ba. Masu ƙera irinsa sun daina tun da daɗewa. Ya aika a nemo masa a wani gari, ana ta cewa ana dubawa.

"Ba ni ƙonannen," ta ce.

"Mai Naɗi, wannan fa ba fanka ba ce. Mutane ke shiga ciki."

"Na sani. Ubana ne zai fara shiga."

Sai ya buɗe jakarsa ya miƙa mata wani baƙin dunƙule mai ƙauri.

Ta rufe shago ga kowa. Ta warware ƙonanniyar wayar a hankali tana ƙirga zagaye, inda ta narke ta manne ta bi da tsinken allura. Ta auna kaurin wayar, ta zaga layi kaf kafin ta samu irinta, ta naɗa sabo layi bisa layi da takardar kariya a tsakani, ta tsoma shi a banish, man nan da ke ƙame naɗi, ta gasa shi har ya yi ƙarfi yana ƙyalli. Mijinta ya leƙo da kwanon abinci ya ga yadda take shafa koyil ɗin, ya ce shi dai tun da aka yi aurensu ba a taɓa lallaɓa shi haka ba. Ta ce ya ƙone tukuna ya gani.

Ɗakin injin lifta yana kan rufin bene, saman ɗakin tsoho kai tsaye, ana hawa ta wani tsani na ƙarfe. Ɗaki ne mai zafi da warin man giris, ga babbar ƙafar injin mai juyawa da igiyoyin ƙarfe suka ratsa ta kanta suka sauka cikin rami. Da hantsi suka hau su biyu, ita da Sannu-Sannu. Mai Naɗi ta zura sabon koyil a kan ƙarfensa, ya zauna daram. Ta tura ƙarfen ciki har ƙarshe, ta ɗauko wata 'yar mita tata mai auna ƙarfin naɗi, ta karanta, ta ninka da ɗari uku da goma sha huɗu, lambar da duk mai naɗi a wutar layi ke ɗauke da ita a ka. Ta fito da alli ta rubuta a siminti.

"Gardama ɗari huɗu," ta ce. "Tauri ɗari uku. Abin da wuta za ta tarar ɗari biyar ke nan. Raba ƙarfin wutar layi, ɗari biyu da ashirin, gida ɗari biyar. Wutar da za ta bi ba ta kai rabin amfiya ba, arba'in da huɗu cikin ɗari ne. Fiyus ɗinka na rabin amfiya ne, ko? Zai ɗauka."

Sannu-Sannu ya fito da tasa mitar, tsohuwa mai allura, wadda yake naɗewa a tsumma kamar jariri. Ya ɗora a kan wayoyin koyil. Allura ta tsaya a ɗari uku.

"Ni ɗari uku na gani," ya ce. "In na raba wutar da ɗari uku, ta haura kashi saba'in. Fiyus ba zai ɗauka ba. Ɗari huɗun nan taki, ina take? Mitata ba ta gan ta ba."

"Mitarka da batir take aunawa. Batir ba ya kai da komowa, da wa naɗi zai yi gardama?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai abin da bai gani ba ba ya ɗora ran mutane a kai. Ya roƙe ta ta ba shi lokaci ya gwada da kansa, yadda ya saba. Ta ce ya gwada, ai gaskiyarsa ce. Ta sauka ta tsani ta shiga wurin tsoho.

Ta same shi a kujerarsa bakin taga, ƙafar a kan matashi, ɗaurin ya jiƙe. Warin da ke ɗakin ya fi na jiya, kuma hancinta ba ya yi mata ƙarya. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta saba da shi ba. Ta zauna a bakin gado tana yi masa hirar banza, Auta na tsaye a ƙofa ta harɗe hannuwa.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa. Sannu-Sannu ne, ya buɗe tafin hannunsa, ga ɗan fiyus na gilashi ya yi baƙi ƙirin.

"Ya tashi," ya ce a hankali, don ba mai son cin fuska ba ne. "Allura ta haura saba'in ta tsaya can, kamar yadda na lissafa. Ki yi haƙuri, Mai Naɗi. Ba zan iya sa shi ba. Saura fiyus ɗaya gare ni irin wannan."

Auta ta juya fuska ga bango. Tsoho ya dubi babbar 'yarsa da tausayi, abin da ya fi zagi ciwo, ya ce, "Ba komai, Uwata. Kin yi ƙoƙari. Wannan aikin masu injin ne."

Mai Naɗi ta dubi baƙin fiyus ɗin. Ta shiga bin aikinta a zuci tun daga zagayen farko. Ko ta yi kuskuren ƙirga? Ko waya ta kwaile a ciki ta haɗe? Ta bi ta sake bi, ba ta ga inda ta kauce ba. Kuma lambar da ya faɗa ta tsaya mata: saba'in da 'yan kai, daidai abin da tauri shi kaɗai zai bayar, kamar gardamar ta ɓace gaba ɗaya. Gardama kuwa ba ta ɓacewa haka kawai. Ta miƙe ta nufi tsani.

Tana sa kai a ɗakin injin ta gani. Koyil ɗinta yana zaune shi kaɗai a kan wani katako, wayoyi biyu a jikinsa, cikinsa fayau. Ƙarfen kuwa yana can jikin birki, tsirara. Ta ɗauki koyil ta kai hanci. Ɗumi kawai ya yi, bai ƙone ba. Sai hankalinta ya kwanta.

"Me ya sa ka zare shi daga ƙarfen?" ta tambayi makanikin da ya biyo ta yana haki.

"In na ba shi wuta a kan ƙarfen ai birki zai saki. Ba na sakin birki da abin da ban gwada ba. Haka nake yi tun da na fara aiki, a ƙasa nake gwada komai."

"Dabara ce mai kyau, amma ba ga wannan ba. Ƙarfen nan shi ne ƙarfin bakin naɗi. Ka zare shi, gardama ta zama 'yar kaɗan, sai tauri ya rage. Koyil ɗin da ka gwada ba shi ne zai yi aiki a lifta ba, rabinsa ka gwada."

Ya juya maganar a ransa. Mutum ne mai gaskiya, ya ga alamar hanya a ciki, amma Sannu-Sannu ba ya tsallaka kwata sai ya auna faɗinta.

"To na ji," ya ce. "A ce ɗari huɗun tana nan. Ɗari uku da ɗari huɗu ɗari bakwai ne. In na raba da ɗari bakwai, wutar ta yi kaɗan, da ƙyar ta haura kashi talatin. Ba za ta ja ƙarfen sosai ba, birki zai riƙa gogawa, ya yi zafi da mutane a ciki. Wannan ya fi tashin fiyus muni. Ta ina kika samo ɗari biyar?"

Ta buɗe baki za ta fara bayanin ninka lamba da kanta, ta dubi fuskarsa, ta fasa. Ta ce ya jira ta. Ta sake sauka.

"Baba, ina igiyarka?"

Tsoho ya ɗago. Igiyar tana cikin wani tsohon gwangwani a ƙarƙashin gadonsa, tare da cokalin gini da ma'aunin ruwa, kuma ko Auta ba ta taɓa su.

"Me za ki yi da ita?"

"Kusurwa zan fitar."

Ya dube ta, ya nuna ƙarƙashin gado da sanda. Tana fita ya ce wa Auta ta buɗe masa ƙofa, ta kuma matsar da kujerarsa kusa da ƙasan tsani, wai ɗakin ya yi masa zafi.

A kan simintin ɗakin injin Mai Naɗi ta shimfiɗa igiya. Ta sa makanike ya danne ƙullin kusurwa da yatsa. Ta ja tazara uku ta gefen ƙofa ta ce wannan tauri ne, kowace tazara ɗari. Ta ja huɗu ta gefen taga ta ce wannan gardama ce. Tauri, in ji ta, gaba da gaba yake tare wuta, gardama kuwa jinkirta ta take yi, tana sa ta zuwa a makare, saboda haka ba lokaci ɗaya suke ja ba, ba kuma gefe ɗaya ba. Ta ɗauki ragowar igiyar ta haɗa bakunan biyu, ta miƙe tsaf.

"Ƙirga," ta ce.

Ya ƙirga da ɗaya hannun. Ya sake ƙirgawa, don shi ne.

"Biyar," ya ce. "Amma uku da huɗu..."

"Bakwai ne in hanya ɗaya suka bi," wata murya ta taso daga ƙasan tsani, a dishe amma da ƙarfi. "Kai yaro, ba ka taɓa ganin an fitar da kusurwa ba?"

Yaron da ake magana ya ba sittin baya. Ya yi murmushi ya ce, "Na gani yanzu, Baba." Mai Naɗi ta sunkuyar da kai tana tattara igiya, ba ta so a ga fuskarta.

Sauran aikin bisa tsarin Sannu-Sannu aka yi shi, kuma ba ta yi masa gaggawa ba. Ya tabbatar ba kowa a cikin lifta, ya sa wani ƙaton ƙarfe ya tokare ƙafar injin yadda ko birki ya saki ba abin da zai motsa, ya girgiza ya ga ya kafu. Suka mayar da koyil kan ƙarfensa. Ya sa fiyus na ƙarshe, ya haɗa mitarsa a hanya.

"Da farko allura za ta zabura," ta ce masa. "Kafin ƙarfen ya gama shigewa gardama ba ta cika ba. Kada ka tsorata, fiyus ɗin nan mai haƙuri ne, zai jure ƙiftawar ido. Daga nan za ta dawo ƙasa da rabi."

"In ba ta dawo ba fa?"

"Za ta dawo."

Ya yi bisimilla ya danna. Aka ji ƙarfe ya buga, kas, birki ya buɗe baki. Allura ta yi tsalle ta dawo, ta ɗan yi rawa, ta tsaya a arba'in da biyar. Suka zuba mata ido. Ba ta ƙara motsi ba.

"Kin ce arba'in da huɗu," in ji shi.

"Ƙarfen ma yana ɗan cin nasa. Ka bar masa ɗayan."

Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, har ta gaji da kallo. Ya taɓa koyil da bayan hannu. Ya cire tokarin ya tura lifta ƙasa ba kowa, ya dawo da ita, ya loda mata buhunan yashi ya sake turawa, sannan ya shiga da kansa ya sauka ya hau. Rana ta karkata kafin ya fito ya goge hannu ya ce a kira tsoho.

Tsoho ya sa Auta ta ɗauko masa rigarsa mai kyau da hula. Direban bas, wanda ya ajiye mota a bakin bene tun azahar, ya miƙa hannu zai tallafe shi, aka nuna masa sanda ya ja da baya. Daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar lifta ba nisa, amma tsoho ya daɗe a hanya, yana dogara sanda yana jan ƙafar, gumi na zuba, ba wanda ya isa ya taɓa shi. Ya shiga da ƙafarsa. 'Ya'yansa biyu suka shiga suka tsaya dama da hagu. Ƙofa ta rufe. Daga can sama aka ji ƙarfe ya buga, kas, sai lifta ta fara sauka da su a hankali.

Ya ɗaga kai yana kallon rufin lifta.

"Wannan ƙarar," ya ce, "naki ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Ba a ganinsa."

"Ba a ganinsa."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da kallon rufin har suka isa ƙasa.

A asibiti likita ya ce yatsan ya riga ya tafi, amma ƙafar za ta zauna, kuma da an ƙara jinkiri da labarin ya canza. Auta ta fashe da kuka a tsaye. Mai Naɗi ta nemi benci ta zauna. A nan ta ji wani abu ya tokare ta a aljihun riga, ta laluba, ashe igiyar ce, ta manta ba ta mayar ba.

Da aka ba su izinin shiga, ta same shi kwance an rataya masa ruwa, ya yi ƙanƙanta a cikin farin zanen gado. Ta ciro igiyar ta ajiye kusa da hannunsa ta ce ga kayansa, idan sun koma gida za ta mayar masa cikin gwangwani. Ya lalubo ta, ya bi ƙulle-ƙullen da yatsa har ya kai na kusurwa, wanda ya yi baƙi saboda dannawa. Sai ya kamo hannun 'yarsa, hannun nan mai tabon banish da kaushin waya, ya juya shi ya duba kamar yau ya fara ganinsa. Ya sa igiyar a ciki ya naɗe mata yatsu a kai.

"Gwangwani ba ya fitar da kusurwa," ya ce. "Ki kai ta shago. Kada ki saki, Uwata."